Fashi na Uku: Ta'aziyyar Alkasum Bukar Mirriya

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Ran Alhamis, goma sha uku ga watan Oktoba na shekarar 1960, da hantsi, Allah Ya karɓi ran taubashina Alkasum ɗan Malam Bukar Mirriya, matuƙin jirgin sama, a asibitin nan na Damagaram. Ina gareji a Zango ina shirya kamiyo, manyan motocin nan na kaya, saboda kakar gyaɗa aka aiko mini. Kafin la'asar mun kai shi Mirriya, mun kwantar da shi kusa da mahaifinsa.

Alkasum, da mutuwarka ce kawai, da na yi shiru na bar wa malamai magana, don wa'azi ba aikina ba ne, kuma na san ba mai wuce ranarsa. Amma tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba aka fara yawo da wata magana a kanka. Ba a kasuwa aka ƙirƙiro ta ba, daga buro, wato ofishin kamfanin da ka yi wa aiki, ta fito. Cewa suke ka ɓoye rashin lafiya, ka karya doka, ka hau jirgi da rayukan bayin Allah a hannunka alhali ka san ba ka iyawa. Kai yanzu ba ka da bakin amsawa. Ni ina da shi.

Mahaifinka yayan mahaifiyata ne, saboda haka tun muna yara nake kiranka bawana, kai kuma ba ka taɓa barin ta ta kwana ba. Lakwal ɗaya muka shiga, makarantar boko. Ni na taɓa kwalej kaɗan, na ga ƙafata ba ta zama ƙarƙashin tebur, na bi kamiyo ina aparanti, wato yaron mota, ina kwana ƙarƙashin mota da baƙin mai har gwiwar hannu. Yau duk wanda ya tsaya bakin hanyar Kano ya san motocin Lawali, kuma ba wanda ya ba ni ko taya ɗaya kyauta. Na faɗi wannan ne don a san mai rubutun nan ya san mene ne tuƙi, ya san mene ne riƙon direba. Kai kuwa aka ɗebe ka zuwa makarantar 'ya'yan soji, daga can sojan sama na Faransa. Ka fara da wankin inji, ka ƙare a kujerar tuƙi. Da ka dawo, wani kamfani mai ƙananan jirage da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram da Agadas da Ngigimi ya ɗauke ka mataimakin piloti. Kai kaɗai ne baƙar fata cikin masu tuƙinsu.

Ranar da ka fara shigowa garejina da farar riga da hular aiki, yarana suka bar abin da suke yi suna kallo. Ka zagaya motocina kana taɓa su da ɗan yatsa, ka ce, "Yaya Lawali, jakunan nan naka, ana ba su dusa kuwa?" Na ce, "Bawana, ni dai jakunan nawa ne. Kai tsuntsun na wa?" Ka yi dariya har hular ta faɗi.

Mutanen Mirriya za su daɗe suna tuna ka. In hanyarku ta bi ta kansu ran kasuwa, sai ka roƙi kwamandan jirgi ya bar ka ka karkata fiffike bisa garake, lambunan garin, don Inna Kande, mahaifiyarka, ta san kai ne. Masu awo su saki tiya su ɗaga kai, tsohuwa ta rufe fuska da gyale don kunya. Na tuna wani dattijo daga Ngigimi da za a kai shi Yamai aikin ido, ya zo ƙofar jirgi ya ƙi hawa, ya ce shi ba a sa shi cikin gwangwani da ransa. Ka sauko, ka tsuguna gabansa, ka gaishe shi da Barbarcin da ka koya wurin mahaifinka, ka riƙe hannunsa har kujera, ka ɗaura masa ɗamara da kanka. Dabino na Agadas kuwa, ba tsohuwar da ke unguwarku a Birni da ba ta ci daga aljihunka ba.

Ni kaina ina da tawa. A bazarar 1958 kamiyona ya mutu bayan Tanut, ina ciki, da fasinja har da mata masu goyo, ruwan da ya rage mana bai cika tulu ba. Jirginku ya wuce can sama, sai muka ga ya juyo, ya yi ƙasa, ya zagaya mu, ya tafi. Washegari motar soji ta iso da ruwa. Ashe koren fentin motocina ka gane, ka matsa wa kwamanda ya juya, ka buga rediyo. Da na zo godiya ba ka bari na gama ba. Ka ce, "Na hango wani jaki kwance a rairayi, na ce wannan kwanciya irin ta Lawali ce." Mutumin da ya juya jirgi saboda rayukan da ba ma a hannunsa suke ba, shi ne yau ake cewa ya yi wasa da na hannunsa.

Ga yadda dokar kamfanin take, kamar yadda ka sha bayyana mini. Piloti in ya ji jikinsa ba daidai ba, dole ya faɗa, kada ya hau. Wannan ba mai hankalin da zai ƙi ta. Amma akwai ta biyu. Duk tashin da aka sa ka ka kasa zuwa, ko ciwo ne ko rasuwa, fashi ne. In ka yi fashi uku cikin shekara, a sauke ka daga jirgi, a tura ka Dakar likitoci su yi ta bincikenka, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin za ka dawo ka tarar da kujerarka. Ɗaya ta ce faɗi, ɗayar ta ce in ka faɗa za ka gani. Ni da ban yi dogon karatu ba, da jin farko na ce waɗannan biyu ba za su zauna lafiya gida ɗaya ba.

To, Turawan kamfanin ba a taɓa jin sun yi fashi ba. Ba don jikinsu ƙarfe ne ba, na sha ganin zazzaɓi yana kaɗa su kamar kowa. Suna da gidan da suke taruwa da yamma suna shan giya. A can wanda ba ya jin daɗi zai ce wa ɗan'uwansa, karɓar mini Agadas gobe, ni zan karɓar maka Yamai jibi. Da safe shef, wato shugaban filin jirgi, wanda mutanen gari ke kira Mai Lofe, ya goge suna a allo, ya rubuta wani da alli. Shi ke nan, ba fashi. Kai ba ka shan giya, ba a kuma taɓa gayyatarka gidan ba. Saboda haka ba ka da wanda zai karɓar maka. Amma in musayarsu ta rasa inda za ta sauka, a kanka take sauka. Ana iya rubuta ka a allon nan, ba a iya goge ka.

Fashinka na fari bana, ranar da Kawu Bukar ya rasu ne. Ka zaɓi ka yi wa mahaifinka salla, aka rubuta. Na biyu da damina, zazzaɓi ya kayar da kai har ba ka gane mutane, aka rubuta. Sai ga 'yancin kai a watan Agusta. Aka fara cewa sababbin mahukunta suna son ganin 'yan ƙasa a kujerar kwamandan jirgi, sunanka kuma ya fito a bakin mutane. Daga lokacin nan ne sunanka ya daina barin allo. Yau Agadas, gobe Ngigimi, jibi Yamai, ka sauka ka sake hawa. Ban ce na ga wani ya zauna ya ƙulla ba. Amma na riƙe direbobi shekara da shekaru, na san yadda ake gajiyar da mutum in ana son ya faɗi da kansa.

Farkon watan nan matarka Zuliha ta lura idonka ya yi rawaya, abinci ba ya zama. Shawara ce, kowa ya gani ya sani. Inna Kande ta aiko da jiƙo daga Mirriya, wanzami ya zo ya yi maka ƙaho. Ba ka je wurin likita ba, wannan gaskiya ne, ba zan rufe ta ba. Likitan da ke duba piloti, abin da ya gani buro yake kaiwa, kai kuma kana lissafin kwanakin hutun da ke gabanka za su ishe ka ka warware. Ran Litinin da dare kana kwance, sai ga ɗan aike daga fili: gobe Agadas. Ba juyinka ba ne.

Ni na kai ka fili ran Talata da safe, don Zuliha ta aiko mini ta ce ba ta yarda ka hau keke ba. Ka fito da baƙin tabarau. A mota na ce, "Bawana, cire in gani." Ka cire. Na taka birki.

Na ce, "Wannan ido ba na tafiya ba ne. Direbana ya zo mini da ido haka, makulli nake karɓewa in kora shi gida."

Ka ce, "Kai jakunanka suna jira. Ni in na yi na uku, sai Dakar."

"To a je Dakar ɗin mana. Ba mutane ne a can ba?"

Ka ce, ba da muryar wasa ba, "Yaya Lawali, in na sauka ba ni kaɗai na sauka ba. Cewa za su yi, ga shi nan, mun gwada ɗaya mun gani. Amma ba zan hau a ɓoye ba. Zan shiga in gaya wa Mai Lofe. In ya musanya ni yadda yake musanya su, sai ka mai da ni gida. Jira ni."

Na jira. Na ga ka shiga buro tare da kwamandan jirgin, wani Bature da muke kira Dogo. Kun daɗe a ciki. Da kuka fito, ka ɗaga mini hannu alamar in tafi, ka nufi jirgi, ba ka waiwayo ba. Da la'asar jirgin ya dawo, ya sauka lafiya, fasinja suka fita da kayansu, kai ka kasa tashi daga kujera. Ɗaukar ka aka yi. Daga nan har ran Alhamis ba ka ƙara yin maganar da za a riƙe ba.

Ran Juma'a, muna zaman makoki, Mai Lofe ya riga ya sanar da hukuma cewa kamfani bai san komai ba. Wai ka shiga buro ne ka karɓi labarin iska da gajimare, wai tabarau na fuskarka, wai da ka faɗa da an sauke ka nan take kamar yadda doka ta ce. Na je buronsa da kaina. Faransancina gajere ne, amma ya isa tambaya. Na ce, labarin iska ne ke ɗaukar wannan lokaci? Ya ce doka a fili take. Na ce, juyin wa ne ran Talata? Ya nuna mini allo da bakin lofensa, an wanke shi tas. Na ce, wanda aka goge sunansa aka sa na Alkasum, me ya same shi, kuma an rubuta masa fashi? Ya ce wannan sirrin aiki ne, ya kira a raka ni ƙofa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurin. Ba a tambaye su ba suka amsa. Ba wanda ya kai ƙara, ba fasinjan da ya yi kuka, gawa ba ta kwana biyu a ƙasa ba, su sun riga sun wanke hannunsu sun shanya.

Maganar kuwa ta kama gari. Wani kwami, ma'aikacin buron gwamnati, ya tsaya cikin garejina yana cewa ai dama baƙar fata da jirgi sai a hankali, na sa aka fitar da shi da motarsa ba a gama gyara ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai ciwon ita ce ta cikin gida. Zuliha tana takaba, mata na shigowa gaisuwa, maimakon su ce Allah Ya jiƙansa su tsaya, sai su ƙara da Allah Ya yafe masa abin da ya yi. Da kyakkyawar niyya suke faɗa. Ta yi ta amsa amin, don ba ta da abin da za ta ɗora a kai. Ni ma ba ni da shi. Na ga ka shiga buro, ban ji abin da aka ce a ciki ba, kuma maganar taubashi, kowa zai ce son kai ne.

Ran sadakar bakwai muna zaune ƙofar gidan Kawu a Mirriya, liman ya fara addu'a, sai ga ƙaramar mota ta tsaya. Dogo ya fito, shi kaɗai. Wani ya nuna masa takalmi, ya cire, ya zauna bisa tabarma, gwiwoyinsa sun rasa inda za su shiga. Ya ce yana son mai fassara. Na ce ga ni. Abin da ya faɗa, ga shi kamar yadda na juya shi gaban liman da dattawan unguwa da duk wanda ke wurin.

Ya ce da safen Talatar nan kai ka fara tarar sa, ka ce ba ka da lafiya, ka roƙi a musanya ka. Ya ce maka shi ba ya iya wannan, ku je wurin shef. A buro ka cire tabarau, ka ajiye bisa tebur, ka ce wa Mai Lofe ya dubi idonka. Ya duba. Sai Mai Lofe ya ce wanda ke da juyin yana kwance, jiya ya sha fiye da ƙima, ba wani a ƙasa. Ka ce to a yi maka yadda aka yi wa wancan. Ya ce wancan musaya ce tsakanin abokai, taka kuwa fashi ne, kuma na uku, ka zaɓa. Dogo ya ce shi yana tsaye, bai ce komai ba, kuma yana da ikon ya ƙi tashi da kai, bai ƙi ba. Ya ce a sama ka gaya masa ya riƙe tuƙi shi kaɗai zuwa da dawowa, kada ya miƙa maka ko da ka roƙa, kai ka riƙe rediyo da taswira, kuma ba ka yi kuskure ko ɗaya ba.

Liman ya ce in tambaye shi ko zai faɗi wannan a Yamai gaban mahukunta. Ya sunkuyar da kai, ya ce aikinsa ya ƙare, jibi zai koma ƙasarsu. Ba zan yabe shi ba. Ya riƙe maganar nan a cikinsa har sai da ya ɗaure kayansa, kuma har yau ban sani ba ko tausayi ne ya kawo shi, ko wata tsohuwar rigima ce tsakaninsa da Mai Lofe ya zo ya sauke ta a ƙofarmu. Ni ban yarda da shi ba. Amma maganar ta dace da abin da idona ya gani, kuma ya faɗe ta a kan kansa, bai ware kansa ba.

Ya yunƙura zai tashi, sai muka ji murya daga bayan zana, inda mata suke. Zuliha ce. Ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba tun da aka kawo ta gidan.

Ta ce, "Yaya Lawali, ce masa ya maimaita. Mu nan ciki ba mu ji sosai ba."

Na gaya masa. Ya dube ni, ya dubi zanan, ya koma ya zauna. Ya sake faɗa tun daga farko, ni kuma na miƙe tsaye na juya da ƙarfi, yadda har matan da ke bakin murhu za su ji. Da na kai ƙarshe, ta ce, "To. Kun ji maigidana ya faɗa musu. Wadda za ta gaishe ni, ta gaishe ni da Allah Ya jiƙansa, ta tsaya nan." Sannan ne muka ji kukanta, Inna Kande na rarrashinta, liman ya ɗora addu'a daga inda ya tsaya.

Kamfani bai janye maganarsa ba har yau, dokar kuma tana nan tana jiran wanda zai zo bayanka. Waɗanda suka karɓi ƙasa su duba, aikinsu ne yanzu. Ni nawa na yi: na rubuta abin da aka faɗa gaban shaidu, da sunana a ƙasa, wanda ke da ja ya san hanyar garejina. Ba ka ɓoye ba, Alkasum. Ka faɗa, an ji, aka ce ka zaɓa.

Ya Allah, ga bawanKa ya iso gare Ka, Kai ne masanin abin da aka faɗa a ɗaki da abin da aka ƙulla a zuci. Ka gafarta masa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kankarar zunubi, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da mahaifinsa cikin Aljanna Firdausi. Wanda ya zalunce shi da sani, Ka isar masa; wanda na zarga alhali ba shi da laifi, Ka wanke shi, Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kande, da Zuliha, da 'ya'yansa Balki da Ramlatu, da dangin Malam Bukar na Mirriya da Gidimuni, da jama'ar Birni da Zango baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Lawali Mai Kamiyo
Zango, Damagaram